Saƙon Juma'ar Ni'ima

Ni'ima tana bakin murhun banda tana juya tarwaɗa, hayaƙi na cin idonta, sai ta ji Inna ta ƙwala mata kira.

"Hamsatu!"

Ta saki tarwaɗar ta miƙe. A gidan Alhaji Usuman na Bagudo ba a kiran wannan suna, don sunan mahaifiyar mai gida ne, shi ya sa ake ce wa yarinyar Ni'ima, shi kuwa uban ya ce mata Uwata. Duk ranar da Inna Sa'adiyya ta manta kunyar suruka ta furta shi, to an yi gagarumar ɓarna.

Ta tarar da Inna a tsaye tsakar ɗaki, riƙe da wani ƙaton ambulan.

"Ke da Alhaji Cindo mi at tsakaninku?"

"Alhaji Cindo kuma? Abokin Baba?"

"Akwai wani bayanshi? Yanzu yab bar zaure. Ya ce kin yi wata da watanni kina rubuta mishi saƙon soyayya ga waya, ya ce kin ba shi izini shi turo magabata. Ga shaida nan ya sa an buga mishi ga takarda. Ubanki ko buɗewa bai yi ba, ya ce ba shi karanta abin kunyar ɗiyatai. Gobe Juma'a mutanen Sufyan za su taho neman aurenki, yau kuma ga wanga abu! Ni'ima, so kika yi ki kashe ni?"

Ni'ima ta karɓi ambulan ɗin ta zaro takarda ɗaya. Layin farko kawai ta karanta ta sulale ƙasa. Rubutunta ne, babu musu.

Ga yadda abin ya faro.

Da ta gama karatu a Birnin Kebbi ta dawo gida, aiki ya ƙi samuwa, sai ta kama sana'ar bandar kifi. Tana saro ɗanye a bakin ruwa a Lolo, ta gyara, ta yi bandarsa, ta ƙulla cikin leda mai ɗauke da sunanta, ta aika wa masu shaguna da gidajen abinci har Sakkwato da Abuja, har tsallaken iyaka su Madekali da Malanbil na ƙasar Binin. A bakin ruwan nan ta haɗu da Sufyan, ɗan Sarkawa masunta, wanda da safe yake jan komar kamun kifi tare da 'yan uwansa, da rana ya zauna a rumfarsa ta gyaran waya. Mutum ne mai sanyin magana, kuma bai taɓa sayar mata da kifin jiya a matsayin na yau ba. Daga ciniki aka wuce gaisuwa, daga gaisuwa zuciya ta yi abin da ta saba.

Wata ranar kasuwar Lolo aka zare mata waya a cikin cunkoso. Rana ɗaya ta rasa lambar duk wani mai saye da ta tara. Ta zauna a rumfar Sufyan ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa.

Shi ne ya kawo shawarar imel. Ya ce mutanen bakin iyaka ba su da amana da layin waya, yau suna kan na Najeriya, gobe sun jefar sun sayi na Binin, amma adireshin imel yana bin mutum duk inda ya je, kuma ko an sace waya yana nan. Ya buɗe mata wata manhaja da ke tara adireshin masu saye, ta rubuta saƙo ɗaya, manhajar ta saka wa kowa sunansa a sama ta aika masa shi kaɗai. Suka raba jerin biyu, na maza daban na mata daban, kada a ce wa Hajiya ranka ya daɗe. Ya saita saƙon ya riƙa fita da kansa duk Juma'a kafin la'asar. Sannan ya kafa mata doka biyu.

"Ta hwarko, wanda bai ce a saka shi ba, kada ki saka shi. Ta biyu, ki bar ƙohwa buɗe. Ƙasan kowane saƙo a rubuta: in ba ka so, taɓa nan a cire ka."

Ta bi doka ta biyu. Ta farkon ce ta zame mata aiki.

Don kuwa tara mutane da yardarsu abu ne mai tafiyar hawainiya. Ta manna 'yar takarda a kowace leda, ta yi alkawarin ƙullin yaji kyauta ga duk wanda ya ba da adireshi, ta tsaya a kasuwa tana roƙo har muryarta ta dushe. Wani ya ce ba shi da imel, wani yana da shi ya manta, wani kuma ya ce sai ta fara ba shi lambarta.

Ga kuma Baba. Bara da Sufyan ya aiko neman izini, Alhaji Usuman ya ce shi manomi ne ɗan manomi, bai haɗa zuri'a da masu kwana a kan ruwa, balle wanda ya kai masa 'ya ga sana'ar latsa waya. Tun daga ranar Ni'ima ta ɗauke masa baki. Ba ta taɓa yi masa rashin kunya ba, Allah ya kiyaye. Tana durƙusawa ta ce ina kwana, ta tashi. Amma furar da take dama masa da hantsi, da zaman da suke yi yana tsokanarta yana cewa Uwata ta tsufa ba ta da haƙori, duk suka ƙare. Gida ya yi shiru kamar an yi baƙon kunya.

Ta sa a ranta cewa in sana'ar ta yi girma har Baba ya ga mota na lodi a ƙofar gidansa, zai yarda Sufyan ba wasa ya koya mata ba. To manyan masu saye fa, ina za ta same su? Ai kuwa suna nan cikin wani tsohon gwangwanin alewa a zauren Baba, inda yake zuba katunan 'yan kasuwar da yake hulɗa da su, dillalan shinkafa, masu motocin haya, masu otal. Wata rana yana masallaci ta shiga ta zazzage gwangwanin, ta yi ta ɗaukar katunan hoto ɗaya bayan ɗaya, manhaja tana kwashe suna da adireshi. Ko kallon sunayen ba ta yi ba, kunnenta na ƙofa, idonta na kan adadin da ke hauhawa. Gaggawa dai aikin Shaiɗan ce, kowa ya san haka, amma mai so ba ya jin karatu.

Kuma abin ya yi kamar ya ci. Oda ta ƙaru, mota ta fara tsayawa a ƙofar gida. Ba a jima ba Baba ya fara sakin fuska, har aka gan shi yana dawowa daga Juma'a ya zauna shi kaɗai a zaure da tabarau yana murmushi. Makon jiya, ba wanda ya roƙe shi, ya ce wa Inna a gaya wa ɗan masuntan nan ya turo manyansa. Inna ta ce addu'arta ce ta karɓu. Ni'ima ta ce a ranta, mota ce.

Yanzu ga ta zaune a ƙasa da takardar Alhaji Cindo a hannu.

"Karanta in jiya," in ji Inna. "Da bakinki."

Ta karanta.

"Ranka ya daɗe Alhaji Cindo, barka da Juma'a. Yau ma na tuna da kai. Na san ban kyauta ba da nake yin shiru kwana biyu, amma kana raina. Allah ya ƙara maka lafiya da girma. Sabuwar banda ta fito, na ware maka mai kyau. Taka a kullum, Ni'ima."

Inna ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Kana raina? Taka a kullum? Ga sa'an ubanki?"

"Inna, wallahi talla ta! Ba shi kaɗai aka tura ma ba. Sufyan ya ce in rubuta gajere, kihi kaza kuɗi kaza, ni ko nig ga rashin tarbiyya na in tallata ma babba kaya ban gaishe shi ba. Gaisuwa ta kawai, irin wadda kinka koya mani."

"Ni ban koya miki ki ce ma namiji kana raina ba!"

Ni'ima ta ci gaba da buɗe takardun, kowace ta fi ta baya muni. Ashe Alhaji Cindo yana amsawa. Dattijo ne dillalin shinkafa a Zagga, matarsa ta rasu bara, 'ya'ya sun watse birane, ba mai ce masa ya ka kwana sai masu neman awo. Da farko godiya yake yi. Daga baya ya fara ba ta labarin ciwon gwiwarsa. Daga ƙarshe ya rubuta cewa shi ba yaro ba ne, in da gaske take ta ba shi dama ya ga mahaifinta.

A ƙarƙashin wannan kuwa ga amsar da manhaja ke mayar wa duk wanda ya rubuto, wadda Ni'ima ta tsara tun ranar farko ta manta da ita: "Na ji daɗin saƙonka ƙwarai. Ina maraba da kai a kowane lokaci."

Ita ba ta taɓa buɗe wajen amsoshi ba. Masu son kifi kiran lambarta suke yi, ta ɗauka shi ke nan.

Ta rarrafa ta kama ƙafar Inna tana kuka.

"Inna, ki taimake ni. In Baba ya hwasa maganar gobe na mutu. Shekara guda ina jiran ranar ga. Ban son kowa sai Sufyan, Allah shina gani."

"To ina kinka samu adireshin Cindo?"

Ni'ima ta sunkuyar da kai. Inna ta janye ƙafarta.

Sai ga gyaran muryar Baba a bakin ƙofa. Bai shigo ba, bai kuma dubi inda 'yarsa take ba.

"Sa'a, amshe wayarta ki kawo mani. Gobe an sauko Juma'a na kira Cindo, su ma masuntan su taho. Gaban kowa za ta hwaɗi wanda taka yaudara cikinsu, don ni ba a maishe ni ƙaramin mutum cikin garin ga."

Bai ce Uwata ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Da yamma Inna ta shigo kamar mai neman tsintsiya, ta ajiye 'yar ƙaramar wayarta a kan gado, ta fita. Uwa dai uwa ce.

Ni'ima ta zagaya bayan murhun banda ta kira Sufyan. Sai da ta kira ta sake kira, don a bakin ruwan Lolo sabis ɗin Binin kan rinjayi na gida. Da ya ɗauka tana jin ƙarar injin jirgin ruwa a bayansa.

Ta gaya masa komai, har da gwangwanin alewa.



"Ni'ima, mi nic ce miki tun hwarko?"

"Na sani. Ka zage ni, ka yi mani duk abin da kaka so, amma kada ka bar ni."

"In bar ki in tahi ina? Kawu Haliru ya riga ya sayi goro, ya sa an wanke mishi babbar riga. Tsohuwata tun jiya ba ta zauna ba." Ya ƙara da cewa, "Kin san sau nawa anka ce mani in haƙura, ɗiyar manoma ta hi ƙarhina? Ban taɓa saurare ba."

"Saboda kai niy yi, Sufyan. So nike Baba shi ga girmanka."

"Girman da anka sato ba shi zama girma, Ni'ima."

Ta fashe da kuka har ta kasa numfashi. Yana jin ta, yana cewa ya isa, ya isa, alhali shi ma hancinsa yake ja.

"Saurara," ya ce daga baya. "Saƙon gobe kin riga kin rubuta shi?"

"Tun Talata. Shina nan shina jiran lokaci. Ka shiga ka tsaida shi, don Allah!"

"Ban iya shiga, ke kaɗai ad da makullin sirrin manhajar, ni nic ce ki canza shi. Kuma ko da ina iyawa ban tsaida shi. Ki duba, wayarki tana hannun Baba. Gobe kina zaune gabansu hannu wohi saƙo za shi shigo wayar Alhaji Cindo da sunanshi. Wace shaida ta hi wagga? Kowa za shi gani da idonshi inji na ka rubutawa, ba zuciyarki ba."

Ni'ima ta share hawaye. A karo na farko tun hantsi ta ji iska ta shiga ƙirjinta.

"Maganar katunan hwa?" ta tambaya.

"In anka tambaya, ni nis saka."

"A'a! In kac ce haka ɓarawo za shi kira ka, ba ka ƙara taka ƙohwar gidan ga."

"To ke in kinka amsa, da wane ido za ki dube shi?"

Sabis ya ɗauke kafin ta ba shi amsa. Ta tsaya da waya a kunne tana kiran sunansa, tarwaɗar da ta manta a kan raga tana ƙonewa a bayanta.

Washegari aka sauko daga masallaci, zauren Alhaji Usuman ya cika da ƙamshin turare da rashin walwala. Alhaji Cindo ya sha shadda fara ƙal, gemu ya sha lalle, ya hakimce a kujerar da ke kusa da mai gida. A kan tabarma Kawu Haliru ne, baƙin dattijo mai faɗin kafaɗa, da ƙwaryar goro a gabansa an rufe da farin ƙyalle. Sufyan na gefensa, kai a sunkuye.

Ba al'ada ba ce budurwa ta zauna inda ake maganar aurenta, amma yau al'ada ta ba da wuri. Ni'ima ta shigo cikin dogon hijabi ta durƙusa a bakin ƙofar cikin gida. Tana jin numfashin Inna a bayan labule.

Baba ya zaro wayarta ya ajiye a tsakiyar tabarma, a kashe.

"To, ga Cindo, ga ɗan mutane. Wa kika so?"

"Sufyan, Baba."

"Shi ko wanga da kika rubuta ma?"

"Ban rubuta mishi shi kaɗai ba. Tallar kihi ta. Saƙo guda nika rubutawa, inji shi raba ma mutane da yawa, kowa da sunanshi."

Alhaji Cindo ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

"Usuman, ka ji yaran zamani. Inji ya san ciwon gwiwata? Inji ka ce mani kana raina? Ni na yi hulɗa da injin casa shekara da shekaru, ban taɓa jin ya gaishe ni ba. Kunya ta taka ji don ga yaron nan zaune."

Sufyan ya ɗago, ya nemi izini, ya yi bayani a hankali. Ya faɗi yadda ake barin gurbi a saman saƙo, manhaja ta cike shi da sunan kowa. Ya faɗi yadda duk wanda ya amsa, amsa iri ɗaya ake mayar masa, ko yabo ya yi ko zagi. Kawu Haliru na gyaɗa kai, ko da yake da gani bai fahimci rabin zancen ba.

Ni'ima ta saci kallon Baba. Ta zaci za ta ga fushi ya fara sauka. Abin da ta gani daban ne. Fuskarsa ta yi wani irin sanyi, carbin da ke hannunsa ya tsaya cak.

"Kowa da sunanshi?" ya tambaya a hankali.

"Kowa, ranka shi daɗe," in ji Sufyan. "Kuma yanzu za a gani. Ga wayarta nan kashe, ga ta nan zaune. In anka ɗan jima saƙon yau za shi shigo ma Alhaji."

Aka zauna jira. Wani mai tallar rake ya wuce ta waje yana kira, kaza ta leƙo zauren ta koma. Ni'ima tana ta salati a zuci, gumi na bin bayanta. In sabis ya ƙi fa? In manhajar ta yi gardama yau kaɗai fa?

Sai wayar Alhaji Cindo ta yi ƙara.

A daidai wannan lokacin wata wayar ta yi ƙara a aljihun Baba.

Ba wanda ya kula sai Ni'ima. Ta ga hannunsa ya kai kan aljihun ya dafe shi, kamar mai rufe bakin yaro.

Alhaji Cindo ya buɗe tasa, ya dubi wayar da ke kashe a kan tabarma, ya dubi yarinyar da hannayenta ke kan cinya. Ya fara karantawa da ƙarfi, murya na raguwa.

"Ranka ya daɗe Alhaji Cindo, barka da Juma'a. Mako ya yi mini tsawo ban ji daga gare ka ba. In na yi maka laifi..."

"...ka yafe mini, don ba ni da kamarka."

Baba ne ya ƙarasa. Ya riga ya sa tabarau, wayarsa na tafin hannunsa.

Sai a lokacin Ni'ima ta gane. Gwangwanin alewa! Ai har da katunan Baba na kansa a ciki, waɗanda aka buga masa da sunan shagonsa na taki da adireshinsa na imel.

Alhaji Cindo ya miƙe a hankali, ya gyara hula. Tsufansa duk ya fito. Ya ce, "Allah shi ba mu haƙuri, Usuman," ya nemi takalmansa ya fita, ko sallama bai ƙarasa ba. An wanke Ni'ima tas, kamar yadda Sufyan ya ce. Ba wanda ya yi murna.

"Ina kinka samu adireshina?" in ji Baba.

"Ni na..." Sufyan ya fara.

"Ƙarya shika yi, Baba, don shi rufa mani asiri." Hawaye ya ɓalle mata. "Ni na. Kana masallaci nis shiga niɗ ɗauki hoton katunanka. Ya hana ni tun hwarko, ban jiya ba. Ban san da naka ciki ba, wallahi ban sani ba!"

"Ba ki sani ba," ya maimaita. Ya jinjina kai. "Ai shi na abin."

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar. Da ya ci gaba da magana ba da faɗa ya yi ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mata sauƙi.

"Tun randa nik kori yaron ga kinka ɗauke mani baki. Ina cikin gidana kamar baƙo. Sai wata Juma'a nig ga saƙo, Alhaji Usuman na tuna da kai. Nic ce ikon Allah, ɗiya ta kira sunan uba? Sai nit tuna mai sunan uwata ta, ta isa. Nic ce kunyar idona taka ji, shi yas sa ta rubuto. Na san ban kyauta ba da nake yin shiru, amma kana raina." Ya faɗi layin a haddace, bai dubi waya ba. "Ko uwarki ban hwaɗa ma ba. Kowace Juma'a ina baro masallaci da sauri kamar yaron da anka aje ma tuwo."

"Baba..."

"Rannan niz zauna da yatsa guda, nir rubuta Allah shi yi miki albarka Uwata. Kinka amsa nan take, kin ji daɗi, kina maraba da ni kowane lokaci. Nan inda nike zaune niy yi hawaye. Nic ce yarinyar da ta sauko haka, ni mi za ni riƙe? A ba ta wanda taka so." Ya dubi ƙwaryar goron. "Ba don mota ba, ba don kihi ba. Don saƙon ga na nic ce su taho. Ashe ni ma inji ka gaishe ni."

A bayan labule Inna ta saki kuka.

Ni'ima ta ja gwiwa har gabansa, ta kama gefen rigarsa da hannu biyu.

"Baba, kana raina! Wallahi tallahi kana raina! Ban rubuta maka ba, amma gaskiya ta. Kullum ina son in dama maka hura, girman kai ya hana ni. Ka duke ni, ka ƙone murhun, ka hana ni sana'ar, amma kada ka ce ban tuna da kai ba!"

Bai janye rigar ba, bai kuma dafa kanta ba.

Kawu Haliru ya gyara zama ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Kuskuren yara na. Goron ga..."

"Malam Haliru, ba ku yi mani laihi ba. Yaronku ma na ga shina da mutunci. Amma ƙohwar da kunka shigo ta, ba ɗiyata ta buɗe ta ba, ni ko ban san wa nib buɗe ma ba. Ku ɗauki goronku tukuna."

Sufyan ya runtse ido. Tukuna ɗin nan ba wanda ya san tsawonta, ko mako ce ko har abada.

Baba ya sake duban wayarsa, ya ja saƙon da yatsa har ƙasa, inda ƙananan haruffa suke. Ya kusanto da ita fuskarsa yana haɗa baƙi.

"Nan an ce, in ba ka so, taɓa nan a cire ka." Ya miƙo mata wayar. "Idona ba shi gani sosai. Gwada mani inda aka taɓawa."

"Baba, don girman Allah..."

"Gwada mani, Ni'ima."

Ta ɗaga yatsa tana kuka ta nuna masa wurin. Ya taɓa da kansa. Wayar ta ɗan yi jim, sannan rubutu ya fito, wanda ita da Sufyan suka tsara tare a rumfar Lolo suna dariya, ranar da suke ganin ba mai taɓa shi.

"An cire ka. Ba za ka ƙara ji daga Ni'ima ba."

Baba ya karanta har ƙarshe, ya sa wayar a aljihu, ya tashi ya fita alwalar la'asar.